Wa Zai Auna Gigin Tsufa Da Harshen Hausa?

A Yalwawa ta cikin Dutse, kamar sauran unguwannin ƙasar Hausa, idan tsoho ya fara mance sunayen jikokinsa, ko ya fita masallacin da ya shekara arba'in yana zuwa ya kasa gane hanyar komawa gida, abin da akan ce shi ne gigin tsufa ya kama shi. Da an faɗi haka magana ta ƙare. Sai a sa yaro ya riƙa lura da ƙofa, a ɓoye ashana da wuƙa, a jira hukuncin Allah. Idan kuwa tsohuwa ce wadda ba ta da gata, ta shiga sambatu da dare ko ta faɗa gidan da ba nata ba, a wasu wurare har maita akan laƙa mata.

Alhali kuwa masana sun daɗe da tabbatar da cewa tsufa kaɗai ba ya rusa hankali. Abin da ke rusa shi cuta ce da ke cin ƙwaƙwalwa, kuma iri-iri ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutane miliyan 57 ne ke fama da cutar mantuwa a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, kuma kowace shekara akan sami sababbin kamu kusan miliyan 10. Jihar Jigawa, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum miliyan 4.3 da 'yan kai, tana da nata rabo a cikin wannan adadi, ko an ƙirga ko ba a ƙirga ba.

Abin da jihar take bukata kafin na'ura da dogon gini shi ne mutanen da suka koyi auna aikin ƙwaƙwalwa, suka kuma iya yin awon da Hausa. Tarihin wannan ilmi tun daga farkonsa tarihin mutane ne da hanyoyin da suka bi, kuma a cikin hanyoyin nan akwai darasi ga ɗalibin da ke neman abin da zai karanta, da ma'aikacin gwamnatin da ke tsara guraben aiki.

MASU AIKIN DA HANYOYINSU

Da farko ya kamata a rarrabe masu aikin, domin jama'a sukan haɗa su duka su kira su likitan mahaukata. Akwai likitan jijiyoyi, wanda ke duba shanyewar ɓarin jiki da farfaɗiya da karkarwa. Akwai likitan taɓin hankali. Akwai kuma masanin halayyar ɗan Adam da ya ƙware a kan dangantakar ƙwaƙwalwa da hali. Shi wannan na uku ba ya fiɗa, ba ya rubuta magani. Aikinsa ya zauna da marar lafiya ya ba shi gwaje-gwaje na tuna abu, da lissafi, da magana, da gane siffa, har ya gano wane sashe na ƙwaƙwalwa ya raunana, wane kuma ke nan garau.

Sunan cutar da ta fi yawa a cikin cututtukan mantuwa ya samo asali ne daga wani likitan Jamus, Alois Alzheimer. A shekarar 1901 ya sadu da wata mata mai shekara 51 a asibitin Farankfot, ya riƙa yi mata tambayoyi yana rubuta amsoshinta. Da ta rasu a 1906 ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya ga wasu dunƙule-dunƙule da sarƙaƙƙun zaruruwa. A cikin waɗanda suka yi aiki a ɗakin bincikensa akwai ɗan Afirka ta Yamma, Solomon Carter Fuller, haifaffen Monrobiya ta Laberiya a 1872, wanda ya karanta likitanci a Amurka, ya kuma buga dogon bayani a kan cutar da Turanci a 1912. Watau tun ran gini akwai hannun baƙar fata a cikin aikin.

Brenda Milner, wadda aka haifa a Ingila a 1918, lissafi ta shiga karantawa a jami'ar Kambirij, sa'an nan ta sauya zuwa ilmin halayya, ta koma Kanada. Ita ce ta shekara da shekaru tana gwada wani mutum da aka cire wa wani sashe na ƙwaƙwalwa a 1953 don maganin farfaɗiya. Mutumin ya daina riƙe sabon abu, har ita kanta kullum baƙuwa ce a wurinsa. Amma da ta sa shi zana tauraro yana kallon hannunsa ta cikin madubi, sai ga shi kullum hannun yana ƙara gwaninta, shi kuwa bai tuna ya taɓa yi ba. Da fensir da takarda da haƙuri aka gane cewa tunawa ba abu guda ba ce, kowane irinta da mazauninsa a cikin kai.

Wanda darasinsa ya fi kusa da ƙasar Hausa shi ne Alexander Luria na Rasha. A 1931 da 1932 ya tafi ƙauyukan Uzbekistan ya gwada manoman da ba su yi makaranta ba. Yakan nuna musu hoton guduma da zarto da gatari da gungumen itace, ya ce a fitar da wanda bai dace da sauran ba. Ɗan makaranta nan take zai fitar da gungume, domin sauran kayan aiki ne. Manoman kuwa suka ƙi, suka ce in babu itacen me za a sara. Ƙwaƙwalwarsu lafiya lau take. Tambayar ce aka ɗinka wa ɗan makaranta. Duk wanda zai auna hankalin tsohon manomi a Kudai ko Sakwaya, wajibi ne ya riƙe wannan a zuciya.

ABIN DA IBADAN TA YI

A Nijeriya ma an yi maza a wannan fage. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya koyi likitanci a Ingila, ya dawo asibitin Aro na Abekuta a 1954, ya sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da ɗan'uwansa, maimakon kulle su. Daga baya ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988. Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan kuwa ya fara suna ne da binciken ciwon jijiyoyi da ke da nasaba da gubar rogon da ba a sarrafa shi sosai ba. Wannan aiki ya koya masa fita daga asibiti ya bi mutane gida-gida, kuma da wannan dabara ya juya ga tsofaffi.

A 1992 shi da abokan aikinsa, cikinsu har da Adesola Ogunniyi da Olusegun Baiyewu da Oye Gureje, suka haɗa hannu da Hugh Hendrie da Kathleen Hall na Jami'ar Indiyana ta Amurka. Aka gwada Yarabawa 2,494 masu shekara 65 zuwa sama a unguwar Idikan ta Ibadan, da baƙaƙen fatar Amurka sama da 2,000 a birnin Indiyanafolis, da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon da aka buga a 1995, shekarar da Osuntokun ya rasu, ya nuna kashi 2.29 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ne ke da cutar mantuwa, a Indiyanafolis kuwa kashi 8.24. Aka ci gaba da bin mutanen nan, a 2001 aka sake tabbatar da cewa sabon kamu ya fi ƙaranci a Ibadan. Har wa yau aka ga cewa wata ƙwayar gado da ke ƙara haɗarin cutar Alzheimer ga Turawa ba ta da irin wannan ƙarfi a jikin Yarabawa. Wannan ya girgiza masana, domin ya nuna cewa abin da aka sani a Turai ba lalle ne ya zama gaskiya a Afirka ba.

Abin lura shi ne yadda suka yi aikin. Yawancin tsofaffin Idikan ba su da takardar haihuwa, sai aka riƙa ƙiyasta shekarunsu da manyan abubuwan tarihi da suka shaida. Ma'aunin da aka yi amfani da shi kashi biyu ne, tambayoyi ga tsohon, da hira da wanda ke zaune da shi. Da aka ga cewa wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba yakan faɗi gwajin zane ko da lafiyarsa ƙalau, sai Baiyewu da abokansa suka fito da gwajin tsinken ashana, wanda aka buga bayaninsa a 2005. Mai gwaji zai jera tsinke huɗu a wata siffa, tsoho ya kwaikwaya. Ƙwararru ne suka tsara, amma masu bi gida-gida 'yan gari ne da aka horar, masu jin harshen da sanin ladabin shiga gidan dattijo.

A Arewa an ɗan taɓa. A 2011 Dokta Abdulkareem Jika Yusuf da Farfesa Baiyewu da Dokta Taiwo Lateef Sheikh da wani abokin aikinsu suka buga binciken da suka yi a kan tsofaffi 322 a Zariya, da irin ma'aunin Ibadan har da tsinken ashana. Suka sami kashi 2.79 cikin 100, watau mutum 9, kashi biyu cikin uku nasu cutar Alzheimer, sauran kuma mantuwar da lalacewar hanyoyin jini ke kawowa. Aiki ne abin yabo, amma mutum 322 a gari guda ba su isa a ɗora wa Arewa duka hukunci a kansu ba.

Akwai kuma hanyar ɗakin bincike. Dokta Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar Yobe, ya karanta tsarin jikin ɗan Adam a Jami'ar Maiduguri, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Sussex ta Ingila a kan sinadaran da ke taruwa a ƙwaƙwalwar mai cutar Alzheimer. Bai tsaya can ba, ya jagoranci kafa cibiyar bincike da horarwa a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu a 2021. Yobe maƙwabciyar Jigawa ce, kuma ba ta fi ta arziki da wani abin a zo a gani ba. Abin da ya yiwu a Damaturu ba a ga dalilin da zai hana shi yiwuwa a Dutse ba.

INDA MA'AUNIN BATURE ZAI YI KUSKURE

Mai karatu na iya cewa tun da an riga an tsara gwaje-gwajen, sai a fassara su kawai. Fassara ba ta wadatarwa. Shahararren gwajin nan na maki 30 da aka fito da shi a Amurka a 1975 yana sa mutum ya faɗi kwanan wata na Turawa, ya riƙa ɗebe 7 daga 100, ya rubuta jimla, ya kwafi zane. Tsohon da ke lissafin shekara da watan Azumi da Babbar Salla, da damina da kaka da hunturu da bazara, zai faɗi tambayar farko alhali ya san ranar kowace kasuwa daga Shuwarin zuwa Maigatari. Wani gwajin da ake ji da shi, na Kanada, yana nuna hoton zaki da karkanda da raƙumi a faɗi sunayensu. Raƙumi dai ba baƙo ba ne a Jigawa, amma tsofaffi nawa suka taɓa ganin ko da hoton karkanda?

Akwai abin da ya fi wannan zurfi. Idan aka tambayi tsohuwa Bahausa sunan mijinta ko na ɗanta na fari, sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Baƙon mai gwaji zai rubuta cewa ta mance. Ɗan gari kuwa ya san kunya ce, zai sake tambayar ta wata fuska. Haka kuma masana sun yarda cewa yawan karatu yana ba ƙwaƙwalwa kariya, amma da shekarun boko suke ƙirga shi. Dattijon da ya haddace Alƙur'ani a tsangaya, yake rubuta wasiƙa da ajami, a takardar bincike sai a sa shi cikin waɗanda ba su yi karatu ba. Ko hadda da tilawa ta kullum suna ba da irin kariyar da boko ke bayarwa? Tambaya ce mai nauyi wadda duniya za ta so jin amsarta, kuma ba wanda ya fi cancantar nemo amsar kamar ɗan ƙasar da ya san allo ya san kuma ma'auni.

Ko ƙiyasin shekaru sai an yi nasa na nan. Jerin abubuwan tarihin Ibadan ba zai yi aiki a Kiyawa ba. A nan sai a tambayi tsoho ko ya yi wayo lokacin rasuwar Sardauna a 1966, ko ya yi aure kafin canjin hannun tuƙi na 1972, ko yana da 'ya'ya nawa a farin 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam. Wanda aka haifa a shekarar samun mulkin kai ya cika 65 a 2025, watau ya shiga sahun waɗanda ake gwadawa.

ME ZA A SAMU?

Wasu za su ce jihar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da mutuwar mata wajen haihuwa ba ta da rarar kuɗin kashewa a kan cutar da har yanzu ba ta da maganin warkewa. Maganar tana da nauyi, amma tana da amsa. Ba duk ruɗewar tsoho ce cutar mantuwa ba. Baƙin ciki mai tsanani, da raunin ji, da ƙarancin wasu sinadaran abinci, da matsalar maƙoƙo, da ciwon mafitsara, da haɗa magunguna barkatai, duk suna iya sa tsoho ya ruɗe, kuma duk ana maganinsu. Tsohon da aka yanke wa hukuncin gigin tsufa ba tare da awo ba, mai yiwuwa an hana shi lafiyar da ke kusa da shi.

Bugu da ƙari, kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya bayyana a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa suna da nasaba da abubuwa 14 da za a iya gyarawa. A cikinsu akwai hawan jini, da ciwon sukari, da shan taba, da raunin ji da na gani, da buguwar kai, da ƙarancin karatu tun yarinta. Awon jini a ɗakin shan magani na ƙauye, da hular kwano a kan ɗan acaɓa, da sa yarinya makaranta, duk rigakafin gigin tsufa ne, kuma ba sa bukatar sabon kasafi mai yawa.

Ma'aikatan gwamnati su ma abin ya shafe su kai tsaye. Alƙali yakan bukaci sanin ko dattijo yana cikin hayyacinsa ranar da ya sayar da gona ko ya yi wasiyya. Jami'in fansho yakan gamu da tsohon ma'aikacin da ya kasa amsa tambayoyin tantancewa. In babu ƙwararren da zai auna ya rubuta rahoto, sai a dogara da shaidar dangi, dangin da wani lokaci su ne masu amfana da hukuncin. Mai sa hannu a kan fayil yau, gobe shi ne zai tsaya a layin fansho.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Kayan somawa suna nan. Akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da asibitin Rasheed Shekoni wanda ya zama asibitin koyarwarta. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da makarantar koyon jinya a Birnin Kudu, da makarantar fasahar lafiya a Jahun, da asibitin masu taɓin hankali a Kazaure. Ta fuskar doka kuma, a watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

Kamata ya yi Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta jiha ta ware gurabe kowace shekara ga masu karanta ilmin halayyar ɗan Adam, ta bi su har digiri na biyu na aikin asibiti, kamar yadda ake yi wa ɗaliban likitanci. Ɗalibi ya sani cewa ƙofa ba ɗaya ba ce. Mai son likitanci zai yi shekara 6 a jami'a, sa'an nan ya ƙware a jijiyoyi ko taɓin hankali. Mai ilmin halayya zai yi shekara 4, ya ƙara digiri na biyu da horo a asibiti irin na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri. Ma'aikaciyar jinya, da mai ƙididdiga, da masanin harshen Hausa, kowa yana da wurin zama a wannan aiki, domin ma'auni ba ya tsayuwa sai an san kalmar da tsoho zai gane da adadin da za a kira daidai.

Ma'aikatar Lafiya da Ofishin Shugaban Ma'aikata kuma su tanadi gurbi da matakin albashi da hanyar ƙarin girma tun kafin ɗaliban su dawo. Dalilin da ya sa ƙwararru ke ficewa zuwa Saudiyya da Ingila ba kuɗi kaɗai ba ne. Wanda ya shekara bakwai yana koyon awon ƙwaƙwalwa, ya dawo aka ajiye shi a ofis yana jera fayil, ba zai daɗe ba.

Daga nan sai jami'a ta zaɓi unguwa guda, kamar yadda Ibadan ta zaɓi Idikan, ta nemi izinin Masarautar Dutse da masu unguwanni da limamai, ta horar da samari da 'yan mata na wurin, mata su shiga wurin mata. Yalwawa ta dace da haka, domin tana kusa da jami'a da asibiti, kuma a irin waɗannan unguwanni na babban birnin jiha ake samun tsohon manomi da tsohon ma'aikaci suna maƙwabtaka, abin da zai ba da damar kwatanta mai boko da mai allo. A ƙirga tsofaffin, a auna su, a koma bayan shekara biyu ko uku a sake aunawa. Aikin Ibadan ya ɗauki kusan shekara 20, saboda haka wanda zai fara ya san cewa dashen dabino zai yi, ba shukar gero ba.

Bahaushe yana alfahari da cewa ba ya kai iyayensa gidan ajiye tsofaffi, kuma abin alfahari ne. Sai dai nauyin yakan faɗa kan mace guda a cikin gida, 'ya ko suruka, wadda ba ta barcin dare, ba kuma wanda ya taɓa yi mata bayanin abin da ke damun tsohon da ke zarginta da sata. Idan jihar ta horar da ko da mutum goma da za su iya zama a zaure su auna, su bayyana, su nuna abin da ke da magani da abin da sai haƙuri, to ta sauƙaƙa wa wannan mata, ta kuma kare mutuncin dattijon da ya yi wa ƙasa aiki lokacin da yake da ƙarfi.